Land Rover tana misin a hawan Mambila, an juya taimin har an gaji

Direban Gembu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san tsofaffin injina, don kan bakanikena ya ɗaure, nawa ma haka.

Motar Land Rover ce Series III, doguwar nan 109 mai buɗaɗɗen baya, injin fetur mai silinda huɗu, 2.25, da kafireta Zenith. Tun a hannun mahaifina take. Aikinta dakon kaya tsakanin Serti da Gembu, ranakun kasuwa kuma in shiga ƙauyuka in kwaso masara da wake. Wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san dalilin da ya sa har yau ba mu rabu da irin waɗannan motoci ba.

Da safe kik ɗaya take tashi. Sulo lafiya lau. A shimfiɗaɗɗiyar hanya in ina giya huɗu ina lallaɓa ta, ba ka jin komai. Amma da na bar Mayo Selbe na kama hawan dutse, na dawo giya biyu, inji ya ɗauki kuka, sai ta fara tsinkewa tana fizga, wani lokaci har ta harba ta salansa, tas! In na ɗaga ƙafa kaɗan sai ta daidaita, in na sake dannawa ta koma. In inji ya yi zafi abin ya fi muni. Ko a tsaye ma, in aka ja totur sosai tana yi, sai dai bai kai na kan hawa ba.

An sa sababbin fulogai. An canza koyil bara. Kontak kuwa ya sha canji, kuma kowane sabo ba ya daɗewa, sai ka ciro shi ka ga bakinsa ya yi shuɗi ya rarake. Bakanikena yakan sassauta distirbita ya juya ta da kunne don saita taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi. In ya kai ta gaba, motar ta yi zafin nama a ƙasa, amma a kan dutse sai inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. In ya mayar da ita baya, ƙarar ta tafi, ƙarfi ma ya bi ta, lagireto ya kama tafasa. Misin ɗin kuwa yana nan ko ta ina aka juya.

Yanzu ya ce inji ne ya gaji, a sauke shi a yi ringi. Ni kuwa motar ba ta shan baƙin mai, ba ta shuɗin hayaƙi, kuma kuɗin sauke inji a wannan zamani ba wasa ba ne. Taimin ne ba mu dace da shi ba, ko akwai abin da ba mu duba ba?

Mai Tipa Bali

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai ne bai isa ba. Motar da take lafiya a sulo ta kasa a hawa, yunwa take ji. Kafireta tana da ɗan kofinta na mai, a sulo famfo yana cika shi ba wahala, a kan dutse kuwa inji yana zuƙewa fiye da yadda famfo ke kawowa.

Duba kofin gilashin da ke jikin famfon mai, in ka ga jan gari ko ruwa ya kwanta a ƙasa, tankin nan na ƙarƙashin kujera ya yi tsatsa. Ciro bututun da ke zuƙo mai daga tankin ka ga ko ragar bakinsa ta toshe. Mu da muke shan man jarka a hanya wannan ba baƙon abu ba ne. Gwaji mafi sauƙi kuma, lokacin da take tsinkewar ka ja cok kaɗan. In ta farfaɗo, mai ne. Ka kuma gwada tafiya da murfin tanki a sassauce, wani lokaci ramin numfashinsa ne ke toshewa.

Direban Gembu

Na gode Oga. Cok ɗin na taɓa jan shi a kan hawa, sai ma ta ƙara shaƙewa ta yi baƙin hayaƙi. Kofin gilashin garau yake, na wanke shi da kaina. Tankin ne ban buɗe ba.

Rewaya Ƙofar Ruwa

Malam, amsar da ka ba Mai Tipa ta rage mana aiki. In cok ya ƙara lalata ta, kuma ko a tsaye tana yi, ka bar batun mai tukuna. Motar da mai ya yanke mata laushi take yi a hankali, ko ta yi atishawa ta kafireta. Mai fizga tana harbi ta salansa kuwa, man ya shiga silinda, wuta ce ba ta kama shi ba, ya fita ɗanye ya je ya kama a salansa.

Abin da ya tsaya mini a maganarka shi ne kontak da ke ƙonewa. Kontak ba ya yin shuɗi haka kawai. Ko kwandansa ta mutu, ko koyil yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Ka ce an canza koyil bara. Wane iri aka sa? Koyil na motocin kontak iri biyu ne, a ido kuma ba ka rabe su. Akwai mai kusan om 3 tsakanin ƙananan tashoshinsa biyu, shi ne ake ba wutar batir 12 kai tsaye, kuma shi ne na motarka. Akwai mai kusan om 1.5, wanda aka yi don motocin da ke da resista a gabansa tana rage masa wuta. In aka ɗaura na biyun ba resista, wutar da ke ratsa kontak ta ninka. Motar za ta tashi da kyau, har ka yaba wa mai shago, amma koyil zai riƙa zafi, kontak yana cinyewa. Ka sa a cire wayoyin a auna da mita, aikin minti biyu ne. A duba kuma cewa tashar da ke da alamar ragi ita ce ta tafi distirbita.

Dalilin da ya sa sai inji ya ɗauki kuka abin ke fitowa, lissafi ne. Inji mai silinda huɗu yana son tartsatsi biyu a kowane juyi. A sulo, juyi 600 a minti, tartsatsi 20 ke nan a daƙiƙa. A juyi 3,000 ya zama 100 a daƙiƙa. Koyil ba ya tara wuta sai lokacin da kontak yake rufe, kuma wannan lokacin ya ragu ninki biyar. Ga shi a kan hawa ka buɗe totur gaba ɗaya, silinda ta cika, matsi ya ƙaru, tartsatsi yana buƙatar wuta mafi ƙarfi kafin ya tsallake bakin fulogi. Wato lokacin da ake neman wuta da yawa shi ne lokacin da ake samun kaɗan. Duk wani rauni da ya ɓuya a sulo nan yake bayyana.

Ka duba waɗannan ma. Murfin distirbita, ka haska cikinsa ka nemi siririn baƙin layi ko tsaga, ka taɓa gawayin tsakiya ka ji sifirinsa na turowa. Rota, akwai na kasuwa da ake kafe ƙarfen samansu da ƙusa, in sun yi zafi wuta ta bi ƙusar ta zurare cikin shaf. Wayoyin fulogi, tayar da motar da daddare a wuri mai duhu ka buɗe bonet, in suna yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle. Bakin fulogi kada ya wuce milimita 0.8. Kwandansa kuma, in kana da tsohuwa ta asali a akwatin kayan aikin Baba, mayar da ita ka gwada, sababbin da yawa ba su da ƙwari.

Tsohon Bakanike Bukur

Salamu alaikum. Yarona ne ya karanta mini wannan a waya, shi ne kuma yake rubutawa, in an ga kuskure nasa ne.

Direba, kada ka bari a sauke injin nan. Ringi da ya mutu ba ya jiran hawan dutse kafin ya nuna kansa, hayaƙi da shan baƙin mai za su tona shi tun a gareji. In bakanikenka ya nace, ya kawo gejin matsi ya auna silinda huɗun a gabanka.

Maganar Rewaya daidai ce, ka yi duk abin da ya ce. Ni ga abin da zan ƙara. Kuna ta neman inda za ku ajiye taimin, ba wanda ya tambaya ko taimin ɗin yana zama inda aka ajiye shi. Juya jikin distirbita wuri ɗaya kawai yake saitawa, wato inda wuta za ta fara. Abin da ke faruwa bayan inji ya ɗau gudu, kayan cikinta ne ke yin sa, kuma distirbitar da ta shekara arba'in tana juyi cikin ƙura ba lalle ta riƙe amana ba. An daina ƙera Series III tun 1985, ka yi lissafi da kanka.

Cire murfi, cire rota, ka kama kan shaf ɗin da yatsu biyu ka girgiza shi gefe da gefe. Bai kamata ka ji yana motsi ba. In yana lilo har kana ganin bakin kontak yana buɗewa yana rufewa, bushin ya cinye. Don ka tabbatar, kawo fila-geji. Shaf ɗin yana da kafaɗu huɗu, kowace silinda da tata. Juya inji da hannu ka auna buɗewar kontak a kan kowace kafaɗa. Littafi ya ce milimita 0.35 zuwa 0.40, kuma duka huɗun su zo ɗaya. Yawancin yaran yanzu kafaɗa ɗaya suke aunawa su rufe murfi, wasu ma da kwalin sigari. In wata ta ba ka 0.30 wata 0.50, to kowace silinda da nata taimin take aiki, domin buɗewar kontak ita ce ke yanke lokacin wuta: in ta yi faɗi wuta ta riga lokaci kuma koyil bai ƙoshi ba, in ta yi ƙunci wuta ta makara. A sulo shaf na tafiya a hankali, lilon kaɗan ne. A guje kuwa sai ya riƙa watsa kansa yadda ya ga dama. Saboda haka ne ma ake fara saita kontak kafin a taɓa taimin, ba a yin akasin haka.

Na biyu, mayar da rota ka murɗa ta da hannu ta wajen da take juyawa, a wannan injin hagu take yi, saɓanin agogo. Ta tafi kaɗan, in ka saki ta dawo da kanta, ƙwas. A ƙarƙashin farantin kontak akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin biyu. Inji na ƙara gudu suna buɗewa suna tura wuta gaba, don fistin yana sauri amma mai ba ya ƙara saurin ci, dole a kunna shi da wuri. In rota ta ƙi motsi, tsatsa ta kama su, taimin ya tsaya wuri ɗaya. Irin wannan motar ce in ka saita ta ta yi daɗi a ƙasa sai ta mutu a sama, in ka saita ta don sama ta yi ƙara a ƙasa. In kuma ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki ko ya karye. A ƙarƙashin rota akwai wurin da ake ɗiga baƙin mai ɗigo biyu ko uku lokacin sabis. Na tabbata rabon da a ɗiga masa tun mahaifinka na tuƙi.

Na uku, gwangwanin da ke gefen distirbita mai siririn bututu zuwa kafireta. Cire bututun ta wajen kafireta ka zuƙa da baki, ka ga farantin kontak ya motsa, ka toshe da harshe ka ga ya tsaya. In iska kawai kake sha, robar ciki ta fashe. Wannan ba shi ke kawo misin a kan hawa ba, don in totur na buɗe gaba ɗaya zuƙar ta faɗi, ba ya aiki. Amma saboda farantin yana motsi, akwai wata 'yar lallausar waya da ke haɗa shi da jikin distirbita, da kuma wadda ke shigowa daga koyil. Shekara da shekaru suna lanƙwasa, sai su karye a cikin rigarsu, a ido lafiya. Ja su a hankali ka gani.

Bayan duk wannan sai a zo taimin, kuma da fitila, ba da kunne ba. Kunne a sulo kullum yana kai mutum gaba da yawa, don nan inji ya fi daɗin sauti. A gaban inji akwai tsaga a jikin fulin kuranshaf da ɗan ƙarfe mai haƙora da ke nuna ta. Goge su, ka shafa wa tsagar alli. Littafin motar yana ba da tsakanin digiri 3 bayan TDC (wato inda fistin ya kai ƙarshen hawansa sama) da digiri 6 kafin TDC, gwargwadon irin tof ɗin injin da ƙarfin fetur. Cire bututun gwangwani ka toshe, haska a sulo, sannan a ja totur a hankali kana kallo. Allin ya tafi gaba sumul, ya dawo sumul. In yana rawa yana tsalle, ka ga ciwon da idonka.

In shaf bai da lilo amma alli na rawa, sai a duba ƙasa. Sa sifana a fuli ka juya inji gaba, sannan baya, kana kallon rota. In fuli ya yi tafiya mai yawa kafin rota ta amsa, sarƙar taimin ta saki ko haɗin da ke juya distirbita ya cinye. Tun da za a buɗe, a saita tafet ma, 0.25 ne duka, na shiga da na fita, a kuma leƙa sifirin bawul ko akwai karyayye. Shi ma yana kawo misin a sama, amma ba kasafai ba.

Mai Tipa Bali

Baba ya gama magana. Amma ni da motata ce, da na cire kontak ɗin nan gaba ɗaya na sa na lantarki mai maganaɗisu, a huta da saiti. Kuma har yanzu ina nan a kan bakata, a buɗe tankin nan.

Tsohon Bakanike Bukur

Na lantarki yana da kyau, ba na musu, yana ma jure ɗan lilon shaf fiye da kontak. Amma ba ya gyara ƙarafan da suka kafe, kuma koyil da bai dace ba yana iya ƙone shi. Ranar da ya mutu kuma ba ya sallama. Mutumin da ke kwana tsakanin Maisamari da Nguroje, in zai sa, ya ajiye farantin kontak da kwandansa a cikin mota. Kontak ko ya ƙone, ka goge bakinsa ka isa gida.

Direban Gembu

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma.

Na sami wani rewaya a nan mai fitilar taimin da mita, muka yi aikin tare da bakanikena. Koyil ya nuna om 1.5, kuma ba resista ko'ina a layin. Shaf ɗin distirbita kuwa ba sai an kawo geji ba, da yatsa kana jin ƙwas-ƙwas ɗinsa. Duk da haka mun auna, kafaɗa ɗaya 0.30, ta gabanta ta kusa 0.50. Da aka haska fitila, a sulo allin yana ɗan karkarwa, da aka ja totur sai ya zama kamar alli uku ne a jikin fulin. Bakanikena ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, daga baya shi da kansa ya tuna da wani inji da aka ajiye a bayan wani gareji, muka je muka ciro distirbitarsa. Shaf ɗinta ƙam yake, ƙarafan ciki ne suka kafe. Ya warware ta a kan buhu, ya jiƙa da kananzir, ya goge, ya sa mai, rota ta koma dawowa da kanta.

Mun sa koyil mai om 3, kontak a 0.38, tafet 0.25. Taimin mun fara da digiri 6, na ji 'yar ƙara a ƙasan dutse da kaya, muka dawo da shi wajen 3. Na sauka Serti na hau da lodi, giya biyu, ƙafa a ƙasa, ba ta tsinke ko sau ɗaya ba, allurar zafi ma ba ta wuce inda ta saba ba. Oga Mai Tipa, tankin ma an buɗe, ragar ta kama datti kusan rabi, an wanke.

Saura abu ɗaya. Daga Nguroje zuwa Gembu tana ɗan baƙin hayaƙi in na taka, fulogai kuma suna yin baƙi, busasshe ba mai maiƙo ba. A Serti ba ta yi. Da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, ba na son ko kofi ɗaya ya tafi a hayaƙi. Taimin zan ƙara ko me?

Tsohon Bakanike Bukur

Madalla. Kada ka taɓa distirbitar nan kuma, an gama da ita.

Wannan na kafireta ne da tsayin wurinku. Saman Mambila ya haura mita 1,500, iskar can ta fi ta Serti sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin bakwai, kafireta kuwa ba ta sani ba, man da ta saba bayarwa take bayarwa. Mu ma a Jos muna ganin haka, naku ya fi. Amma kafin ka ɗora wa dutse laifi, duba tukunyar iska. Irin taku mai baƙin mai ce a ƙasa, in an cika shi ya wuce layi ko ragar ta toshe da ƙura, inji zai shaƙe. Duba cok yana buɗewa har ƙarshe in ka mayar da shi. Sannan a raba Zenith ɗin biyu. In ta tsufa fuskar saman da ta ƙasan sukan lanƙwashe, akwai kuma wani zoben roba a tsakiya da ke bushewa, mai ya riƙa zurara ta inda bai kamata ba. A ɗora takardar yashi mai laushi a kan gilashi a goge fuskokin har su kwanta daidai, a sa sabon zobe da gaskit, a duba tsayin fulot. In bayan haka tana yi, sai a yi maganar rage babban jet da lamba ɗaya, amma ka tuna rabin aikinka a ƙasan dutse yake, in ka rage da yawa za ta yi zafi a Mayo Selbe. Ka yi tafiya biyu ka ciro fulogi na ɗaya da na huɗu a Gembu, ka turo hotonsu yaron nan ya nuna mini.